Mako guda a aji na huɗu: jarrabawa da Faransanci, biki da Hausa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Kowa daga cikinmu yana da ta cewa game da lakwal: ɗan kasuwa ya ce yara ba su koyon kome, ma'aikaci ya ce ba haka karatu yake ba a zamaninsu. Amma kaɗan ne suka taɓa shiga aji suka zauna suka ga abin da ke gudana. Wannan ya sa muka nemi izini daga diraktan wata lakwal ta gwamnati da ke gefen birnin Maraɗi, muka zauna a bayan aji na huɗu, wato CE2, daga Litinin 15 zuwa Juma'a 19 ga Disamba 2025. Makon ya haɗa abu biyu: jarrabawar ƙarshen zangon farko, wadda yara ke kira kwampozisiyon, da shirin bikin 18 ga Disamba, ranar da aka kafa Jamhuriyar Nijar a 1958.

Litinin: tuta da shifta

Da sanyin safiya, hazo ya rufe gari, yara suka yi layi a tsakar lakwal, wasu da rigunan sanyi na gwanjo, wasu sun naɗe hannuwa cikin hammata. Aka ɗaga tuta, aka rera taken ƙasa, wanda aka sauya a watan Yuni na 2023. Daga nan kowa ya nufi ajinsa. Ajin da muka zauna na siminti ne, amma biyu daga cikin azuzuwan lakwal ɗin rumfunan zana ne. Duk mutumin Maraɗi da ya dube su sai gabansa ya faɗi, don ba a manta da gobarar 8 ga Nuwamba 2021 ba, wadda ta ci rayukan yara fiye da 25 a irin waɗannan rumfuna cikin wannan gari, wata bakwai bayan wadda ta kashe yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai.

A cikin aji, yara huɗu huɗu suke a kan tebur ɗin da aka yi don biyu, sauran kuma a kan tabarma gaban allo. Mushe, saurayi ne ɗan kwantiragi, ya raba takardu, ya soma shifta da Faransanci. Jimla biyar ce a kan lokacin sanyi. Ya karanta a hankali, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ajin ya yi tsit, ba ka jin kome sai tari. Da muka leƙa takardun da ke kusa da mu, sai muka ga yara da yawa sun rubuta abin da kunnensu ya ji, ba abin da hankalinsu ya gane ba. Wata yarinya da ke zaune a ƙarshen tabarma ta cika layi biyar da rubutu mai kyan gani, amma da mushe ya tambaye ta daga baya ma'anar jimlar farko, sai ta sunkuyar da kai. Ba ta ce uffan ba har aka tashi.

Talata: tamma da dala

Ranar lissafi ce. Mushe ya rubuta tambaya a allo da Faransanci: wata mata ta sayi tiya 3 ta gero, kowace a kan tamma 350, ta ba da tamma 2000, nawa za a mayar mata? Yara suka duƙufa. Bayan an karɓi takardu, mushe ya duba su a tsaitsaye, ya girgiza kai. Waɗanda suka samu amsa ba su kai rabin aji ba.

Sai ya yi wani abu da ba ya cikin tsarin jarrabawa. Ya ajiye alli, ya sake faɗin tambayar da Hausa, kamar yadda ake faɗinta a kasuwa: tiya uku, kowace dala saba'in, an ba ka jika biyu. Kafin ya rufe baki, hannuwa suka tashi ko'ina, ana rige-rigen amsawa: canjinta dala metan ba goma. Haka kuwa yake, dala 190 ita ce tamma 950. Cikin waɗanda suka fara amsawa har da yarinyar nan ta ƙarshen tabarma. Ashe kowane maraice ita ke kai wa uwarta tallan ƙuli-ƙuli da mai, ba a taɓa cutarta ko da dala ɗaya ba.

Ƴan kasuwa da ke karanta wannan shafi sun san inda gizo ke saƙa. Yaronmu yana lissafi da dala tun kafin ya shiga lakwal, ita kuwa dala tamma biyar ce. Idan ya shiga aji, ana buƙatar ya fassara tambaya daga harshen da bai ƙware ba, ya juya kuɗin daga tamma zuwa dala a cikin kansa, sa'an nan ya sake juya amsar ya rubuta. Wanda ya kasa wannan hawa uku sai a rubuta masa sifiri, a ce bai iya lissafi ba, alhali kuwa ya iya.

Laraba: tarihi da safe, wasa da hantsi

Da yake Alhamis ranar hutu ce, lakwal ta yi nata biki ran Laraba. Kafin a fita, mushe ya yi darasin tarihi. Ya bayyana wa yara cewa a ran 28 ga Satumba 1958 Faransa ta shirya ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da take mulka. Jibo Bakari da jam'iyyarsa ta Sawaba suka nemi a ce a'a, amma masu cewa i suka yi rinjaye. Aka yi zaɓen ƴan majalisa cikin Disamba, kuma ran 18 ga wata majalisar ta yi shelar Jamhuriya, Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama ya shugabanci majalisa. Cikakken ƴanci bai zo ba sai ran 3 ga Agusta 1960. Ya tuna musu kuma cewa garinsu ne ya karɓi baƙuncin bikin na ƙasa a 2015, lokacin da aka yi Maraɗi Kwalliya. Ya faɗi duk wannan da Faransanci, yara suka kwafe cikin kaye. Da ya sake faɗi da Hausa, sai tambayoyi suka ɓarke. Wani yaro ya so ya san dalilin da ya sa ake biki biyu, idan dai ƙasa ɗaya ce. Tambaya ce da manya da yawa ba za su iya amsawa ba.

Da hantsi aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bedi. Kwamitin kula da lakwal ya ari kujeru, ƙungiyar iyaye mata ta kawo ƙosai da lemun zoɓo, wani ɗan kasuwa na unguwa ya aiko da katon biyu na kaye da biro don kyauta. Aji na shida suka yi karatun hadda da Faransanci, aka tafa musu tafin ladabi, don yawancin iyayen da ke wurin ba su ji abin da aka ce ba.

Sai aka kira aji na huɗu. Wasan kwaikwayo suka shirya, da Hausa, a kan Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Bule da Shanwan a 1899. An yi bindigogi da karan dawa, hular soja da kwali, an shafa wa yaro biyu alli a fuska su zama Turawa. Wadda ta fito a matsayin Sarauniya ba kowa ba ce sai yarinyar ƙarshen tabarma. Ta tsaya gaban jama'a, ta yi jawabi mai tsawo ba tare da ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har da karin magana da ta ƙara daga kanta. Mata suka yi ta guɗa. Wani dattijo ya tashi ya manna mata dala ashirin a goshi. Mushe ya gaya mana cewa bai rubuta musu wasan ba: labarin kawai ya ba su, su suka tsara maganganun a lokacin shan iska, cikin mako biyu.

Ba sabon abu ba ne a ƙasarmu wasa ya fito daga aji. Yazi Dogo, wanda duk Nijar ta sani da wasan kwaikwayo, ya taɓa zama malamin lakwal a Damagaram.

Alhamis: tsohuwar magana

Ranar hutu ce, muka samu sararin yin tunani a kan abin da muka gani. Ma'aikatan da suka manyanta suna tune da sambol, ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa duk yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa a lakwal. An daina rataya shi, amma inuwarsa ba ta bar aji ba tukuna.

Nijar kuwa tana cikin ƙasashen da suka riga saura neman magani. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa, a shigo masa da Faransanci sannu a hankali. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan ƙasa tare da Faransanci a matsayin harsunan koyarwa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Takardu ke nan. A ajin da muka zauna, littattafai da jarrabawa duka da Faransanci suke, kuma mushen da ya fassara tambaya yana yi ne da dabararsa, ba don an horar da shi ba.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Binciken PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa ƙasa da 10 cikin 100 na yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare ne suka kai matakin da ake buƙata a karatu. A 2019 adadin ya hau zuwa kimanin 30 cikin 100. An samu ci gaba, amma ma'anarsa ita ce a wannan shekara yara bakwai cikin goma sun kai ƙarshen firamare ba su iya karanta shafi su gane shi sosai ba. Cunkoso, ƙarancin littattafai da halin da ƴan kwantiragi ke ciki duk suna da hannu. Harshe ma yana da nasa, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Akwai iyayen da ke tsoron cewa karatu da Hausa zai toshe wa ƴaƴansu hanyar aiki. Tsoron yana da dalili, tun da har yanzu da Faransanci ake rubuta takardun ofis. Amma ba wanda ya ce a yar da shi. Yaron da ya koyi haɗa baƙi da wasali cikin harshen da yake ji, sau ɗaya zai koyi karatu; idan Faransanci ya zo, kalmomi kawai zai ƙara. Wanda aka fara masa da harshen da bai ji ba, nauyi biyu aka aza masa rana ɗaya.

Juma'a: karne

Da safe mushe ya kira sunaye bisa ga matsayi, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Aka ba goma na farko kaye da biro. Sarauniyar Laraba ta fito can ƙasa, cikin kashi na ukun ƙarshe. Ta karɓi karnenta, ta naɗe shi, ta soka cikin jakar leda. Uwarta ta ga wasan, amma mahaifinta yana kasuwa ranar. Karne kaɗai zai gani, kuma daga abin da ke cikinsa zai yanke shawara ko ta ci gaba da lakwal ko ta koma talla gaba ɗaya.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. Uban da ya ga jan biro a karnen ɗansa, kafin ya ɗaga murya, ya zaunar da shi ya yi masa tambayar da Hausa, ya ji ko ilimi ne babu ko kuwa harshe ne ya tare shi. Ɗan kasuwan da Allah ya hore wa, bayan kayen kyauta, ya tambayi dirakta abin da za a kashe a mayar da rumfar zana ɗaya ginin bulo. Ma'aikatan da ke ofisoshin ilimi kuma su tuna cewa gwajin da aka soma a Damagaram ya haura shekara 50. Ya isa a ce ya wuce gwaji, a buga littattafai, a horar da malamai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah shi raya mana zuri'a, shi ba malamansu haƙuri da lada.