Kafofin rufin kwano: Yadda ake toshe su da soso, da dalilin yin haka

Duk wanda ya tsaya a gindin bango ya ɗaga kai ya dubi bakin rufin kwano zai ga jerin kafofi, domin kwano a lanƙwashe yake, tudu da kwari kamar kunyoyin gona, alhali katakon da ya hau kansa a miƙe yake. Irin waɗannan kafofi suna nan kuma a can ƙololuwar rufi, ƙarƙashin kwanon da ake kifawa a mahaɗar ɓangarorin biyu. Magina da yawa ba sa ɗaukarsu a bakin komai, amma a Birnin Kebbi da Argungu suna jawo asara a kowane lokaci na shekara.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ke bi ta nan ta kwanta a kan silin, ta zubo kan atamfa da shadda a shago. Da faɗuwar damina, wajen Mayu da Yuni, hadari kan taso da iska mai ƙarfi wadda ke tura ruwa a kaikaice har ya haura ƙarƙashin kwano. Mai gida sai ya ga silin ya yi tabo, ya kira kafinta ya nemi huda a rasa, domin ruwan ta gefe ya shiga. Ga ɗan kasuwar da ya tara shanshera a sito a Argungu kuwa, laima kaɗan ta isa ta sa buhunan gefen bango su yi fumfuna, farashinsu ya faɗi. Sannan ga jemagu da ɓeraye da tsuntsaye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne sauro. Garuruwan biyu suna bakin fadamar Gulbin Rima, inda ake noman shinkafa damina da rani, ruwa kuma ba ya yankewa. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na shekarar 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadi mafi yawa a Najeriya, kuma jihar na cikin biyun da aka fara allurar rigakafin cutar a cikinsu a Disambar 2024. Sauron da ke yaɗa cutar yana bin warin jikin mutum, idan ya ci karo da bango sai ya yi sama, ya shiga ta tsakanin bango da rufi. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Gambiya, aka buga sakamakonsa a 2009, ya nuna cewa sanya raga da tare hanyar sama sun rage sauron da ke shiga ɗaki da kusan rabi.

Abin da aka ƙera domin wannan aiki wani dogon soso ne mai tauri, gefe ɗaya a miƙe, ɗayan kuma an yanka shi daidai da lanƙwasar kwano. Iri biyu ne. Na farko ana shimfiɗa shi a kan katakon bakin rufi kafin a ɗora kwano, ya cike ƙarƙashin tudun. Na biyu yana hawa saman kwano a ƙololuwa, ya cike kwarin, sannan a kifa murfi a kansa. Ƙusa mai roba tana ratsa kwano da soson ta kama katako, sai ya matsu ya rufe kafar.

Mai karatu na iya tambaya, me ya hana a cike da siminti kamar yadda aka saba? Amsar tana ga zafin rana. A Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, kwano kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, da dare kuma ya huce. Fallen alminiyam mai tsawon mita 6 yana ƙaruwa da kimanin milimita 5 idan zafinsa ya hau da digiri 40, na ƙarfe kuma kimanin milimita 3. Siminti ba ya bin wannan motsi, sai ya tsage ya marmashe, ga shi kuma yana cin alminiyam idan akwai laima. Soso kuwa yana matsewa ya saki tare da kwanon.

Sai dai ba kowane soso ba. Na katifa yana shan ruwa ya riƙe, ya sa kwano tsatsa, katako ya ruɓe. Wanda ake so shi ne mai rufaffun ƙwayoyi, irin wanda ba ya jiƙa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a tsoma guntu a ruwa a matse, idan ya zubar da ruwa a ajiye shi. Dole kuma yankansa ya dace da samfurin kwanon, don lanƙwasar dogon falle dabam take da ta kwanon gargajiya. Shi ya sa ya fi kyau a nemi mai sayar da kwano ya kawo su tare. A tura shi ciki kaɗan inda rana ba ta dukansa, domin haskenta na busar da shi ya farfashe. Kada a ɗaure ƙusa har kwano ya lotsa.

Akwai abu biyu da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, soso ba ya riƙe rufi. Abin da ke hana guguwa yaye kwano shi ne katako mai kyau da aka ɗaure da bango, da isassun ƙusoshi. Na biyu, idan aka toshe ko'ina, zafi zai taru tsakanin kwano da silin, ɗaki ya zama tanda. A bar tagogin iska a bangon gefe, a sa musu raga mai ƙananan idanu, iska ta wuce sauro ya tsaya. Inda soson bai samu ba, ita wannan ragar tana tare ƙwari da jemagu, ko da ba ta hana ƙura.

Ma'aikacin da ke gini a Gesse ko Badariya da ɗan abin da yake tarawa daga albashi, ya sa wannan a lissafi tun ranar sayen kwano, domin sanya shi bayan an gama rufi sai an cire ƙusoshi an ɗaga falle. Mai tsohon rufi kuwa, ya shiga ɗaki ko sito da tsakar rana ya rufe ƙofa, duk inda ya ga haske a saman bango, nan ne wurin gyara. Watannin rani, kafin hadarin farko, su ne lokacin wannan aiki.