Hurumin Kotunan Jiha a Arewacin Nijeriya: Batun da Ya Dace da Zaman Ƙungiyoyin Hidimar Al'umma

Ƙungiyar Rotary, wadda wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa a birnin Shikago na Amurka a shekarar 1905, ta buɗe reshenta na farko a Nijeriya a Kano cikin 1961. Al'adarta ita ce tattaro mambobi daga sana'o'i daban-daban, a riƙa zama duk mako, a ba wani masani dama ya yi bayani a kan fagensa. Duk ranar da damar ta faɗo kan lauya ko alƙali, da wuya a tashi ba a yi masa wannan tambaya ba: wace kotu mutum zai nufa da ƙararsa? Wannan maƙala ta dubi amsar ne ta fuskar hurumi, wato iyakar abin da doka ta yarje wa kowace kotu ta saurara.

Tsarin da ake gani a yau gado ne na zamani uku. Turawan mulkin mallaka sun tarar da alƙalai da majalisun sarakuna suna hukunci bisa mazhabar Malikiyya, suka bar su ƙarƙashin En'e, suka kafa nasu kotunan a gefe. Gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna a tsakanin 1967 da 1968, ta mayar da kotunan alƙalai kotunan yanki ƙarƙashin sashen shari'a na jiha. Daga baya, bayan Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, jihohi irin su Kano suka sauya kotunan yanki zuwa kotunan Shari'ar Musulunci.

Saboda haka, a matakin ƙasa hanyoyi biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai kotun majistare, wadda ke sauraron laifuffukan da ba su kai na kisa ba, kuma idan ta zauna kan rigimar bashi ko haya sai a kira ta kotun gunduma. Akwai kuma kotun Shari'a, ƙarama da babba, inda galibin ƙararrakin aure da saki da riƙon 'ya'ya da gado suke fara zuwa. A saman waɗannan Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ajiye Babbar Kotun Jiha da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, kuma daga kowacensu ana iya wucewa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, sannan Kotun Ƙoli a Abuja.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ɗaukaka ƙara. Mutane da dama sun ɗauka duk hukuncin da ya fito daga kotun Shari'a, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ce za ta duba shi. Sashe na 277 bai ba ta wannan faɗin ba. Ya taƙaita ta ga al'amuran da suka shafi iyali da dukiyar mamaci: aure da mutuwarsa, dangantaka, walicci, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. A ɗauki misalin gona. Idan 'yan'uwa suna jayayya kan yadda za a raba gonar mahaifinsu, magana ce ta gado, kuma tana cikin hurumin wannan kotu. Idan kuwa maƙwabci ne ya taso ya ce gonar tasa ce, marigayin aro aka ba shi, to rigima ta koma ta mallaka, ɗaukaka ƙararta Babbar Kotun Jiha za ta nufa, ko da duk masu shari'ar Musulmi ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da wannan iyaka a shari'ar Magaji da Matari a shekarar 2000. Fili kuma da gwamna ya bayar da takardar mallakarsa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta keɓe rigimarsa ga Babbar Kotu tun daga farko.

Kuskure a nan yana da tsada ƙwarai. Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, aka kafa ƙa'idar cewa duk shari'ar da kotu ta yi ba tare da hurumi ba ɓatacciya ce, komai kyawun yadda aka gudanar da ita. Ana kuma iya tayar da wannan magana a kowane mataki, har a gaban Kotun Ƙoli. Ke nan manomi na iya shafe shekaru yana zirga-zirga, ya sayar da dabbobinsa ya biya lauya, ya yi nasara sau biyu, sannan a rushe komai ba tare da an taɓa ainihin maganar gonar ba. Kafin a sake sabon lale, wataƙila dattawan da suka san iyakar gonar sun kwanta dama.

Wannan ne ya sa batun ya cancanci shiga sahun ayyukan hidima, daidai da haƙa rijiya ko rigakafin shan inna da aka san Rotary da shi. Sai dai akwai abin dubawa: yawancin irin wannan zama da Turanci ake yin sa, a gaban mutanen da kowannensu yana da lauyan da zai kira. Masu buƙatar bayanin suna cikin ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanni da na 'yan kasuwa da na manoma, waɗanda ke zama a ƙofar gidan mai unguwa bayan sallar La'asar, kuma su ne mutum ke fara tuntuɓa ranar da sammaci ya iso gidansa.