Me Ya Kamata a Rubuta a Ƙasan Rasit?

Wasiƙarmu ta wannan mako daga Faskari ta fito, daga wani mai sayar da taki da maganin feshi. Ya ce ya je Funtuwa buga littafin rasit, mai ɗab'i ya tambaye shi abin da za a sa a ƙasan takardar, shi kuwa ya rasa ta cewa. Yana tambaya, wai wurin nan yana da wani amfani, ko a bar shi fayau?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Yana da amfani ƙwarai. Sunanka a saman rasit talla ne. Amma ran da rigima ta taso, ƙasan takarda ake dubawa.

Ɗauko kwalbar maganin ƙwari daga kantinka ka dubi gindin takardar da ke manne a jikinta. A galibinsu za ka ga wani layi mai launi. Ja na nufin guba mai tsananin haɗari, ruwan ɗorawa na bi masa, sannan shuɗi, kore kuma shi ne mafi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta kasa magungunan feshi bisa haɗarinsu tun 1975. A cikin layin akwai 'yan zane-zane: a sa safar hannu, a rufe hanci, a ɓoye wa yara. Ka ga ko manomin da bai yi boko ba ya samu saƙo. Irin aikin da ƙasan rasit ɗinka zai yi ke nan.

Na farko, a sa inda za a same ka. Ba "Faskari" kawai ba. A faɗi layi, da abin da ke kusa da shagon, da lambar waya. In kana cin kasuwar Sheme ko ta Ɗandume, a rubuta. Mutumin Sabuwa da ya sayi kaya ya koma gida ba sai ya yi ta cigiyarka ba.

Na biyu, sharaɗin dawo da kaya. Yawancin rasit ɗinmu suna ɗauke da wani layi da Turanci mai cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. 'Yan kasuwa da yawa ba su ma san abin da aka rubuta musu ba. To dokar kare masu sayen kaya ta tarayya, ta 2018, ta ba mai saye ikon dawo da kaya mai aibi. Gara ka rubuta naka sharaɗin da Hausa: kwana nawa aka bayar, kuma kwalbar da aka ɓalle murfinta ba ta dawowa sai in an sami aibi a maganin.

Na uku, maganar bashi, kuma nan ne zumunci ke lalacewa. Manomi ya ɗauki buhu huɗu na taki da damina, sai kaka zai biya. Kaka ta yi, shi ya ce uku, kai ka ce huɗu. A bar gurbin abin da aka biya, da saura, da ranar biya, da sa hannun ku biyu ko dangwalen yatsa. Ai ko a Suratul Baƙara, aya ta 282, an yi umarni da rubuta bashi.

Na huɗu, in kana karɓar kuɗi ta banki, a buga sunan asusunka da lambarsa, don kada wani ya ba mai saye lambar da ba taka ba.

Amma kada a cika wurin maƙil. Layi huɗu ko biyar sun isa, da baƙaƙe manya da dattijo zai iya gani. In da hali a ƙara da ajami, don masu karanta shi suna da yawa a ƙauyukanmu.

Ku kuma manoman Ƙanƙara da kewaye, kafin ku soke rasit a aljihu, ku sa a karanta muku ƙasansa tun kuna gaban mai shago. A kwalba kuma ku nemi lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewar magani.

Da fatan mun gamsar da kai, Malam. Allah ya ba da kasuwa.