Dajin Nindam Da Masu Tsaronsa Na Gobe

Dajin Nindam da ke kusa da Kagoro, gefen Kafanchan, yana ɗauke da tsuntsayen kurmi irin na kudancin Nijeriya. Shi ya sa ƙungiyar BirdLife ta lissafa shi cikin muhimman matattaran tsuntsaye. To amma suna ba ya hana gatari, noma da saran katako sai cin dajin suke yi.

A taron Montreal na 2022, ƙasashen duniya sun amince da dogon shirin horar da masu kare halittu. Gane tsuntsu daga kukansa kawai aikin shekaru ne. Cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 2001, tana yaye irin waɗannan masana. Saura a horar da 'ya'yan Kagoro, a tanadar musu albashin da ba zai ƙare da tallafin Turawa ba.