'Ina bizi': Kalmar da ta tsallako iyaka ta shiga tsakanin 'yan ci-rani da iyayensu a Madarunfa

Duk wanda ke da ɗan'uwa a birni ko a ƙasar waje ya san wannan amsa. Ka kira sau biyu ba a ɗaga ba, sai can da dare saƙo ya shigo: "Yi haƙuri, ina bizi ne." Daga nan zance ya ƙare. Ba ka san ko aiki ne ya riƙe shi ba, ko barci, ko kuwa bai so jin muryarka ba ne kawai.

Kalmar ta Turancin Ingilishi ce, ma'anarta mutum yana cikin wani aiki da ya hana shi sukuni. A Kano da Katsina da Zariya ta daɗe da zama 'yar gida a bakin matasa. Abin lura shi ne yadda ta samu wurin zama a Madarunfa, garin da ke jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, inda yara ke karatun boko da Faransanci, kuma inda akwai wata kalmar aro mai ma'ana iri ɗaya, wato "okipe". Saurayi ɗaya zai iya ce wa abokinsa na Jibiya "ina bizi", ya juya ya ce wa na Yamai "ina okipe", kuma duka biyun Hausa yake yi.

Gari mai kunne biyu

Madarunfa tana kudu da birnin Maraɗi, tazarar kusan kilomita 20. An fi saninta da tafkinta da kuma kaburburan waliyyai 99 da ke kewayensa, wurin da Nijar ta shigar cikin jerin farko na wuraren tarihi na hukumar UNESCO a 2006. Gundumar ta ƙunshi garuruwa irin su Jiratawa da Safo da Gabi da Sarkin Yamma da Ɗan Isa, kuma ta Ɗan Isa ne hanyar mota ke bi ta shiga Jibiya a jihar Katsina.

Mutanen ɓangarorin biyu dangi ne. Sarakunan Katsina da suka bar birninsu bayan jihadin farkon ƙarni na 19 su ne suka kafa sarautar Maraɗi, shi ya sa har yau ake cewa Katsinan Maraɗi. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 ne suka ja layin da ya raba su, kowane ɓangare ya tashi da harshen Baturensa.

Wannan rabo ya bar shaida a cikin Hausar kowa. Wanda ake kira kwastan a Jibiya shi ne duwan a Ɗan Isa. Yaron Katsina yana rubutu da biro a makaranta, na Maraɗi yana rubutu da bik a lakwal, gaban malamin da yake kira mushe. A bisa wannan tsari, "bizi" ta Najeriya ce, "okipe" ta Nijar.

Sai dai kasuwa ba ta bin layin taswira. Naira tana karɓuwa a kasuwannin yankin kamar yadda sefa ke karɓuwa. Finafinan Kannywood, waɗanda suka faro a Kano tun 1990, suna cike da Ingausa, kuma ana kallonsu a Maraɗi kamar yadda ake kallonsu a Fagge. Ga direbobi da 'yan kasuwa da almajirai da 'yan ci-rani da ke kai da komo. An rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kaya sun tsaya, amma kalmomi sun ci gaba da wucewa ta waya.

Yadda Hausa ta lanƙwasa ta

A Ingilishi kalmar sifa ce, tana bayyana halin da mutum yake ciki. Da ta shigo Hausa sai aka mai da ita suna, aka sa ta a gurbin da "aiki" ko "barci" ke zama. Kamar yadda ake cewa "ina aiki", haka ake cewa "ina bizi". Ana cewa "na shiga bizi" tamkar wanda ya shiga matsala, ko "bizi ya yi mini yawa", inda har jinsin namiji aka ba ta. Idan ana so a sassauta, sai a ce "na ɗan yi bizi kwana biyu".

Wayar hannu, wadda ta yaɗu a ƙasashen biyu daga farkon shekarun 2000, ta ƙara mata wata ma'ana. "Layinsa bizi" yana nufin yana magana da wani. "Ya sa ni a bizi" kuwa magana ce mai zafi: ya ga kirana da idonsa, ya katse. Soyayya da yawa ta yi tsami a kan wannan jimla. Manhajar WhatsApp ma tana da kalmar a cikin jerin abin da mutum zai iya maƙalawa a ƙarƙashin sunansa. Wanda wayarsa ke kan Ingilishi zai ga ta Ingilishi, wanda tasa ke kan Faransanci zai ga ta Faransanci, kuma a gari irin Madarunfa ana samun duka biyun a majalisa ɗaya.

Masu kukan cewa ana gurɓata harshe suna da abin dubawa a nan. Yawancin kalmomin da za su ce a koma musu, su ma aro ne. "Uzuri" da "hidima" da "sha'ani" da "shagala", har da "lokaci", duk daga Larabci suka zo, sun daɗe har an manta baƙi ne. Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro ba. Abin tambaya shi ne wane aiki sabuwar kalmar take yi wanda tsofaffin ba sa yi.

Uzurin da ba ya faɗin dalili

Idan Bahaushe ya ce "ina da uzuri", mai sauraro yana jiran ya ji uzurin, ko aƙalla ya ce "Allah ya sa lafiya". Idan ya ce "muna cikin hidima", an san biki ne ko suna ko baƙi. "Aiki ya sha mini kai" tana neman tausayi, sai a amsa da "sannu, Allah ya taimaka". Kowace daga cikinsu tana barin wurin da ɗayan zai sa baki.

"Bizi" ba ta barin wannan wuri. Ba ta faɗin aikin, ba ta faɗin ranar da zai ƙare, kuma babu wata amsa ta al'ada da ake mayar mata. Wannan ne ya sa matasa suke sonta, domin tana kare mutum daga dogon bayani. Tana kuma ɗauke da ɗan ƙamshin matsayi, irin na mai ofis da taro.

A Jiratawa, inda ake noman rani da ruwan ban-ruwa, manomi zai wuni a cikin fadamarsa tun asuba. Masunci a tafkin Madarunfa zai kwana kan komarsa. Matar da ke daka da ɗiban ruwa da raino ba ta da minti goma nata na kanta. Da wuya ka ji ɗayansu ya kira kansa bizi. Ka ce masa "ina aiki?" ya ce "aiki da godiya". Ka ce "ina gajiya?" ya ce "babu gajiya". A tarbiyyar da suka tashi a kai, ba a kafa aiki a matsayin katanga tsakaninka da mai gaishe ka. Idan ɗan da ke birni ya ce wa irin wannan uba yana bizi, abin da uban zai iya ji shi ne: aikina ya fi naka, kuma ya fi ka.

Ɓangaren ɗan ci-rani

Shi ma wanda ke nesa yana da tasa hujjar. Matasan jihar Maraɗi suna tafiya neman kuɗi Kano da Legas da Abuja, wasu Libiya da Aljeriya, wasu Ghana da Kwaddibuwa. Mai gadi ko lebura ko yaron shago ba shi da ikon ɗaga waya duk lokacin da ta yi ƙara, wani wurin ma maigida ne ke hanawa. Wanda ke New York yana bayan gida da awa biyar ko shida, ya danganta da lokacin shekara, don haka kiran hantsi daga Madarunfa yana iya samunsa cikin barcin asuba bayan aikin dare.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Kira daga gida sau da yawa yana zuwa da buƙata: kuɗin taki, kuɗin magani, gudummawar biki. Wanda aljihunsa ya bushe yana jin nauyin ya ce wa mahaifiyarsa "Inna, babu". Sai ya ɓuya a bayan "bizi" har a yi albashi. A nan kalmar tana rufe kunya ne.

Amma a yankin iyaka shirun waya yana da nauyin da ba shi da shi a wani wuri. Ƙauyukan kudancin jihar Maraɗi sun sha fama da 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, kuma tun 2019 jihar ke karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Kiran da aka katse yana iya zama na gaisuwa, yana iya kuma zama labarin da ba ya jira. Su ma na gida, idan ɗansu ya kwana biyu bai ɗaga ba, tunaninsu ba ya tafiya kan aiki, yana tafiya kan hanyar Sahara da kamen 'yan sanda.

Wa ake gaya wa?

A Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ga layin dogo mai tsawon kilomita 284 da aka aza harsashinsa a 2021 domin haɗa Kano da Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Alamu na nuna cuɗanyar za ta ƙaru, kuma "bizi" da "okipe" za su ci gaba da zama kafaɗa da kafaɗa.

Ladabin magana a Hausa ya dogara ne da wanda ake yi wa ita. Tsakanin abokai da sa'o'i, "ina bizi, zan neme ka" ba ta da laifi. Ga uba ko uwa ko yaya ko malami, Hausa tana da hanyar da ta fi dacewa, kuma ba ta fi daƙiƙa goma a saƙon murya ba: "Baba, ina wuni. Ina wurin aiki ne, ba a barinmu mu ɗaga waya. Lafiya dai ko? Da na tashi bayan isha'i zan kira, in sha Allahu." A ciki akwai gaisuwa da dalili da lokaci, an kuma tambayi lafiya.

Magabata sun ce zumunta a ƙafa take. Ga wanda ke Tripoli ko Legas, ƙafar ta koma waya, kuma tsohuwar da ke zaune a tsakar gida a Madarunfa tana lissafin kwanakin da ta yi ba ta ji muryar ɗanta ba.