Kamun kifin bas a Amurka: Koto mai ƙara ko mai shiru?

A ƙasar Amurka akwai wani kifin tafki da kogi da ake kira bas, wanda miliyoyin mutane ke kamawa da fatsa don nishaɗi, wasu kuma don neman kuɗi a gasa. Kifi ne mai faɗin baki da ke cin ƙananan kifaye kamar yadda giwan ruwa ke yi a kogunanmu, sai dai bai kai shi girma ba, domin wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, mai nauyin kilo 10 da ɗoriya, shi ne ya daɗe yana riƙe da kambu har sai da Manabu Kurita ya kamo irinsa a tafkin Biwa na ƙasar Japan a 2009.

Galibin masu kamun bas ba tana suke sa wa a ƙugiya ba. Koton ƙarya suke amfani da shi, wanda ake sassaƙawa da itace ko a yi shi da roba a siffar ɗan ƙaramin kifi. Kuma iri biyu ne. Akwai mai shiru, wanda motsinsa kawai ke jawo kifi, irin wanda Lauri Rapala, wani masunci ɗan ƙasar Finlan, ya fara sassaƙawa a 1936. Akwai kuma wanda aka zuba wa 'yan ƙwallayen ƙarfe a ciki, yana kaɗawa kamar kacau-kacau idan ana jan sa, irin Rat-L-Trap da Bill Lewis ya ƙera a jihar Luwiziyana. Wanne za a ɗaura wa igiya? Wannan ita ce muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin masu sana'ar.

Dalilin muhawarar shi ne kifi ba da ido kaɗai yake farauta ba. Yana da kunne a cikin kansa, sannan akwai wani layi da ya bi gefen jikinsa daga kai zuwa jela, wanda da shi yake jin girgizar ruwa a kusa. Ga shi kuma sauti na tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Saboda haka idan ruwa ya yi laka bayan an yi sama, ko iska na kaɗa shi, ko da asuba da almuru, ko kuma ciyawa ta rufe wuri, ƙarar koton ita ke nuna wa kifi inda abinci yake.

To amma idan ruwa ya kwanta garau, rana ta take, lamarin kan juya. Kifi na ganin koton tun daga nesa, kuma ƙarar ƙarfe, wadda babu wani ƙaramin kifi da ke yin irinta, tana iya sa shi ya tsorata. Haka ma a tafkin da masunta suka yi yawa. A Amurka yawanci sakin bas ake yi bayan an kama shi, don haka wanda ya taɓa shan ƙugiya yakan yi wayo. Dama Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma.

Misalin Kevin VanDam ya isa hujja. A watan Fabrairun 2010 ya lashe babbar gasar Bassmaster Classic a tafkin Lay na jihar Alabama, cikin tsananin sanyi, yana jan koto mai ƙara ta saman ciyawa. Da shekara ta zagayo, a 2011, ya sake lashe gasar a Luwiziyana, inda ya yi su a ruwa marar zurfi mai kututture tare da wasu abokan takara a wuri guda, kuma cikin makamansa har da wani koto mai shiru da ke karo da itace yana kaucewa. Kowace nasara ta kawo masa dala 500,000.

Shi ya sa gogaggun masunta ba sa fita da iri ɗaya. Sukan fara da mai ƙara don su binciki wuri mai faɗi da sauri, idan kifi ya biyo koton har gaban kwale-kwale ya juya bai kama ba, ko kamu ya tsaya cak a inda aka san akwai kifi, sai a canza zuwa mai shiru mai girma da launi iri ɗaya. Wanda ya nace wa koto guda don shi ya ba shi sa'a jiya, to yana iya wuni a kan ruwa ya koma gida hannu rabbana. Kafin a buɗe akwatin koto, sai a fara duba launin ruwa, da yanayin iska, da yawan jiragen da suka riga ka zuwa wurin.