Ishtar: abar bautar mutanen Iraƙi na dā da ta rasa zaɓi tsakanin manomi da makiyayi

Kun san Zara matar wata, tauraruwar nan mai haske da ke fitowa bayan faɗuwar rana? Ita ce kuma Gamzaki idan ta fito da asuba. To, fiye da shekara 4000 da suka wuce, mutanen ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da Furat, wato Iraƙi ta yau, bauta mata suke yi. Sumeriyawa na kiranta Inanna, mutanen Akkad da Babila kuma su ce Ishtar.

A wurinsu ita ce mai riƙe da soyayya, ita ce kuma mai riƙe da yaƙi. Alamarta zaki da tauraro mai tsini 8, babban ɗakin bautarta kuwa yana birnin Uruk. Wajen shekara ta 575 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarki Nebukadnezzar na 2 ya gina wa Babila ƙofa da sunanta. An sake harhaɗa ƙofar a wani gidan tarihi na Berlin, a Jamus.

Cikin tatsuniyoyinta da aka samo rubuce kan allunan yumɓu, akwai wadda za ku ce a ƙauyenmu aka yi ta. Mutum biyu ne suka fito neman aurenta: Enkimdu manomi da Dumuzi makiyayi. Ita manomin take so, amma ɗan'uwanta Utu, abin bautar rana, ya dage sai makiyayi. Dumuzi ya shiga fariya, wai duk abin da gona ta bayar, garke na da wanda ya fi shi: madara, cuku, ulu. Har dai ya shawo kanta.

To ina manomi? Bai ɗauki sanda ba. Ya bar tumakin Dumuzi su yi kiwo a filinsa, su sha ruwa a magudanarsa. Shi kuma Dumuzi ya gayyace shi biki a matsayin aboki.

Auren dai bai ƙare lafiya ba. Ishtar ta sauka ƙasar matattu wajen ƴar'uwarta Ereshkigal, ta ratsa ƙofa 7, kowace ƙofa a tuɓe mata ado guda, daga ƙarshe aka kashe ta. Da aka tashe ta, sai aka ce dole ta kawo madadi. Ta dawo ta tarar da mijin zaune kan karaga cikin ado, ko makoki bai yi ba. Nan take ta ce a tafi da shi. Tun daga nan, wai rabin shekara yana can, rabi yana duniya, da haka suke fassara bushewar ciyawa lokacin zafi. Sunansa na Akkad, Tammuz, har yau da shi Larabawan Iraƙi da Siriya ke kiran watan Yuli.

Bautar nan ta shuɗe tuntuni. Amma yanzu da kaka ke ƙaratowa, dabbobi na shirin gangarowa kudu, ba laifi mu tuna yadda manomi da makiyayin can suka raba gardamarsu.